ƁERA YA ZAMA ZAKARAN GWAJIN DAFI

Ɗan uwa manomi, ka san maganar nan ta mutanen da, zakaran gwajin dafi. Maharbi in ya haɗa dafin kibiya, ba ya shiga daji sai ya gwada. Ya kama zakara, ya soke shi kaɗan, ya koma gefe ya zura ido. In zakara ya faɗi nan take, dafi ya yi. Gwajin ba ya cin ko rabin wuni.

To, akwai wani dafi da zakara ba ya iya tona asirinsa. Ka taɓa shi yau, ba ka jin kome. Ka yi noma, ka yi girbi, ka aurar da ɗiyanka. Sai bayan shekara goma, ko ashirin, ko talatin, ciwo ya fito a hanta, ko a huhu, ko a jini. Wannan ciwo shi ne ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara. A lokacin, wa zai tuna da garin maganin da ka barbaɗa da hannu tun kana saurayi?

Yau gidanka ba ya rasa magani. Ga na feshin wake, ga na wankin iri, ga na ajiya cikin rumbu, ga ƙwayoyin da ake sha. Yaya ake gane wanda ke kawo ciwon daji tun bai kama mutum ba? Amsar tana wurin wata ƴar dabba da ka sani sarai, wadda ke yi maka ɓarna cikin rumbu: ɓera, wato kusu.

DA CAN, MUTUM NE ZAKARAN GWAJI

A shekarar 1775 wani likita a birnin Landan na Ingila, mai suna Percivall Pott, ya lura da wani abu. Mazan da suka yi aikin sharar bututun hayaƙi tun suna yara, su ne suka fi kamuwa da ciwon daji a maraina. Ya ce baƙin ƙunkunniyar da ke manne musu a jiki ita ce sanadi. Gaskiya ya faɗa, amma sai da mutane da yawa suka halaka kafin a gane.

A 1915 wasu masana biyu a Tokiyo, ƙasar Japan, Yamagiwa da Ichikawa, suka riƙa shafa kwaltar gawayin ƙasa a kunnuwan zomaye, wata da watanni. Ciwon daji ya fito a kunnuwan. Daga nan duniya ta tabbata cewa ana iya tambayar dabba kafin abu ya kai ga mutum.

Daga baya aka fi zaɓen ɓera. Ƙarami ne, ba ya cin abinci mai yawa. Cikinsa mako ukku ne. Rayuwarsa duka wajen shekara biyu ce, saboda haka kana iya ganin ƙuruciyarsa da tsufansa ba tare da kai ka tsufa ba. Kuma yana da hanta, da huhu, da ƙoda, da saifa, kamar ni da kai.

GWAJIN SHEKARA BIYU

Ga yadda tsohon gwajin yake, kuma har yanzu ana yin sa. Ana raba ɓeraye kashi huɗu. Kowane kashi maza 50, mata 50. Kashi na farko ba a ba su maganin ko kaɗan. Na biyu ana ba su kaɗan, na ukku matsakaici, na huɗu mai yawa. Ka lissafa: ɓeraye 400 ke nan. Ana sake yin haka da wani iri na manyan ɓeraye, su ma 400. Jimla 800 saboda magani guda.

Kullum ana ba su, har shekara biyu. Sannan a kashe su, a yanka kowace gaɓa sala-sala, a duba da madubin likita, a ƙidaya ƙari. In waɗanda suka sha magani sun fi waɗanda ba su sha ba yawan ƙari, to maganin abin tuhuma ne.

Gwajin ya yi wa duniya aiki, amma yana da aibi ukku. Na ɗaya, daɗewa: da shiri da dubawa da rubuta sakamako, yakan ci shekara ukku ko fiye. Na biyu, tsada: kuɗinsa yakan wuce dalar Amurka miliyan guda. Na ukku, tsohon ɓera yakan yi ƙari don kansa, ko ba a ba shi kome ba. Sai gardama ta tashi: magani ne ya kawo, ko tsufa?

Magunguna da sinadaran da ake sarrafawa a duniya dubbai ne. In kowane sai ya jira shekara ukku da ɓeraye 800, yaushe za a gama?

ƘAIMI DA LINZAMI

Kafin ka gane dabarar da aka samo, sai ka san yadda ciwon daji ke farawa.

Jikinka an gina shi da ƴan ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Cikin kowace ƙwaya akwai rubutun gado, wanda ka samo rabi daga uba, rabi daga uwa. Rubutun nan ya ƙunshi umurni wajen 20.000. Na ɓera ma kusan haka ne, kuma mafi yawansu suna da takwarorinsu a jikin mutum.

Wasu umurnin suna cewa ƙwaya: ki rabu biyu, ki hayayyafa. Da su yaro ke girma, da su rauni ke warkewa. Waɗannan kamar ƙaimi suke ga doki. Ɗaya daga cikinsu masana sun sa masa suna ras. Wasu kuma suna cewa: tsaya, ya isa. Waɗannan su ne linzami. Babbansu ana ce masa p53, an gano shi a 1979. In rubutun wata ƙwaya ya ɓaci, p53 yakan tsai da ita a gyara. In ba ta gyaruwa, ya sa ta mutu.

Magani mai kawo ciwon daji, sau da yawa abin da yake yi shi ne ɓata rubutun nan. In ya maƙale ƙaimi a jikin doki, kuma ya tsinke linzami, me ka gani? Doki ya kwasa a guje ba mai tsai da shi. Haka ƙwaya ke ta rabuwa ba tsayawa har ta zama ƙari. Kusan rabin ciwon dajin da ake samu a jikin mutane, in aka bincika, za a tarar p53 ya lalace.

Ɓarna guda ba ta isa. Sai ta taru, ɗaya bisa ɗaya. Shi ya sa ciwon ke ɗaukar shekaru. Sai masana suka ce: to, me zai hana mu samo ɓera wanda an riga an yi masa ɓarnar farko tun cikin uwarsa? In magani mugu ne, zai ƙarasa sauran da wuri. In ba mugu ba ne, ɓera zai zauna lafiya. Kamar katangar da ta riga ta tsage ce: ruwan farko na damana ya isa ya nuna maka.

YADDA AKA SAMO SABBIN ƁERAYE

A 1980, a jami'ar Yale ta Amurka, aka nuna cewa ana iya ɗaukar umurni guda a tsira shi cikin ƙwan ɓera da ya riga ya ɗauki ciki, da allurar gilashi wadda ta fi gashi siranta. Sai a mai da ƙwan cikin wata macen ɓera ta haife shi. Ɗan da aka haifa yana ɗauke da sabon umurnin, kuma yana iya gadar da shi ga ɗiyansa.

A 1984 Philip Leder da Timothy Stewart na jami'ar Harvard suka samar da ɓeraye masu saurin kamuwa da ciwon dajin nono ta wannan hanya. A watan Afrilu na 1988 gwamnatin Amurka ta ba jami'ar takardar mallakar wannan ɓera, kamar yadda ake ba wanda ya ƙago sabon inji. Shi ne karo na farko da Amurka ta yi haka a kan dabba. An yi ta cacar baki. Babbar kotun Kanada ma ta ƙi yarda a 2002.

Iri biyu ne suka fi shiga aikin gwaji.

Na farko shi ne ɓera mai linzami ɗaya. An same shi a 1992 a birnin Houston na Amurka, a hannun Lawrence Donehower da Allan Bradley da abokan aikinsu. Kowane ɓera yana gadon p53 biyu, na uba da na uwa. Wannan an cire masa ɗaya. Kamar rumbu ne mai masu gadi biyu, aka sallami guda. In ɓarawo ya buge wanda ya rage, shi ke nan.

Na biyu shi ne ɓeran Japan, mai suna rasH2. An bayyana shi a 1990, kuma wata cibiyar dabbobin gwaji da ke Kawasaki ta raine shi. An ƙara masa umurnin ras na ɗan Adam a kan nasa. Ƙaiminsa ya yi yawa ke nan. Shi ne aka fi aiki da shi yanzu.

Kar ka ji tsoro. Waɗannan ɓeraye suna cikin ɗakunan bincike a kulle, cikin akwatuna masu tsabta, da abincinsu da ruwansu a aune. Ba za su shigo rumbunka ba.

WATA SHIDA MAIMAKON SHEKARA BIYU

Da sabon ɓera, gwaji mako 26 ne, wato wata shida. Kowane kashi maza 25, mata 25. Rabin na da ke nan. Ana ƙara wani ɗan kashi da ake ba wani magani wanda an riga an san yana kawo ciwon daji. In waɗannan ba su yi ƙari ba, to gwajin bai yi ba, sai a sake. Kamar ka gwada ma'auni ne da dutsen da ka san nauyinsa kafin ka auna kaya.

A wata shida ɓera bai tsufa ba, ƙarin tsufa bai fara damun lissafi ba. In aka ga ƙari da yawa a huhu, ko a saifa, ko a tumbi, an san daga ina ya fito.

A 1997 hukumomin kula da magani na Turai da Japan da Amurka suka daidaita a kan magana guda. Kamfanin da ya haɗa sabon maganin sha zai yi gwajin shekara biyu da manyan ɓeraye, amma a madadin na ƙananan yana iya yin na wata shida da ɓeran da aka canza wa gado. Daga 1996 zuwa 2001 kuma ɗakunan bincike masu yawa suka haɗa kai, suka gwada sinadarai 21 da aka riga aka san halinsu, don a ga ko sabbin ɓeraye za su faɗi gaskiya. Aka ga ɓera mai linzami ɗaya ya ƙware wajen kama magani mai ɓata rubutun gado kai tsaye, amma yakan bar wanda ke bi ta wata hanya ya wuce. Ɓeran Japan ya fi shi kamun iri-iri. Dukansu biyu kuma ba su cika ɗora wa magani laifin da bai yi ba.

Ga misali guda. A Amurka an kusa shekara ɗari ana sayar da wani maganin sakin ciki mai sinadarin da ake kira fenolftalin. Kowa na sha, ba a zargin sa da kome. Gwajin shekara biyu ya nuna yana sa wa ɓeraye ƙari. Aka sake gwadawa da ɓera mai linzami ɗaya. Cikin wata shida ciwon daji ya bayyana, kuma da aka duba ƙarin, linzamin da ya rage ya ɓace. A 1997 hukuma ta ce za ta hana shi, a 1999 ta hana. Ka san da me masu haɗa maganin suka maye gurbinsa? Da sinadarin ganyen filasko, dangin wanda tsofaffinmu ke jiƙawa.

INDA ƁERA KE KUSKURE

Ɓera ɓera ne, mutum mutum ne. Wani lokaci ɓera yakan yi ƙarar abin da ba ya cutar mutum. An taɓa tuhumar sakarin, wani abin zaƙi mai maye gurbin sukari, don ya sa wa manyan ɓeraye ƙari a mafitsara. Daga baya aka gane fitsarin ɓera ne ke da wani hali wanda na mutum ba shi da shi. A shekarar 2000 Amurka ta cire sakarin daga jerin abubuwan tuhuma.

Wani lokaci kuma ɓera yakan yi shiru a kan abin da ke kashe mutum. Wannan ya shafe ka ƙwarai, kai mai noman gujiya a ƙasar Maraɗi da Damagaram.

A 1960 talotalo wajen 100.000 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gujiya da aka kawo daga Barazil. Da aka bincika sai aka gano wani dafi da hunhuna ke zubawa cikin gujiya da masara in ba su bushe sosai ba. Sunansa aflatokisin. Yana cikin abubuwan da suka fi ƙarfin kawo ciwon dajin hanta. A 1991 aka duba hantar masu wannan ciwo a ƙasar Sin da kudancin Afirka, inda ake cin dafin da yawa. Aka tarar p53 ya lalace, kuma a wuri guda, wanda masana ke kira lamba 249. Ka ga ke nan, linzamin da aka cire wa ɓera da gangan, shi ne hunhuna ke tsinkewa a hantar mutum. In kuma mutum yana ɗauke da ƙwayar ciwon hanta ta B, haɗarin yakan ninka sau da yawa.

Amma ga abin mamaki. Ƙaramin ɓera in ya girma, hantarsa tana da makarin wannan dafi, ba ya cika kama shi. Babban ɓera kuwa, kaɗan ya ishe shi. Da a ce ƙaramin kaɗai aka tambaya, da an raina wannan dafi. Shi ya sa ba a yanke hukunci da shaida guda. A birnin Liyon na Faransa akwai cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda aka kafa a 1965. A can ake haɗa shaidar dabbobi, da shaidar mutane, da yadda abin ke aiki cikin jiki, sannan a ba kowane abu matsayinsa.

MAGANIN GONA FA?

Sabbin ɓeraye sun fi aiki wajen gwada maganin da mutum ke sha. Maganin ƙwari na gona, galibi har yanzu dogon gwaji ake yi masa. Amma darasin guda ne, kuma labarin linden ya isa ya nuna maka.

Linden shi ne dafin da ke cikin Gammalin 20, wanda manya suka sani da gamalin. An daɗe ana aiki da shi a Afirka ta Yamma. Tun shekarun 1970 ɓeraye suka nuna ƙari a hanta. A 2009 ƙasashen duniya suka sa shi cikin jerin yarjejeniyar Stockholm, aka hana aiki da shi a gona. Sai a 2015 cibiyar Liyon ta tabbatar da cewa yana sa wa mutum ciwon daji, bayan an ga haka ga manoman da suka daɗe suna aiki da shi. Tsakanin kukan ɓera da tabbacin likita, shekara arba'in. A cikin shekarun nan, su wa suka zama zakarun gwaji?

A 1994 ƙasashen Sahel, har da Nijar, suka fara aiki da kwamiti guda mai mazauni a Bamako, mai duba takardun kowane maganin ƙwari kafin a yarda a sayar. Cikin abin da ake dubawa har da sakamakon gwajin dabbobi. Maganin da ya bi ta nan yana da lambar yarda a jikinsa.

To, garin da ake ƙullawa a leda ranar kasuwa fa? Ruwan da ake ɗurawa a tsohuwar kwalba ba takarda ba suna? Ba ka san ko mene ne ba, balle ka san abin da ɓera ya ce a kansa. Ɓera yana amsa tambaya ne a kan abin da aka kai masa kawai. Wanda ya shigo ta bayan gida, a jikinka da jikin iyalinka ake gwada shi.

ABIN DA YA RAGE GARE KA

Kai da ka yi yaƙi da jahilci ka ci nasara, yanzu idonka ya buɗe. Aikin da masana suka fara da ɓera, kai za ka ƙarasa shi da karatu.

1. Kar ka sayi maganin da ba shi da takarda manne. Nemi sunansa, da lambar yarda, da ranar ƙarewar aikinsa. In rubutun na Faransanci ne ko Ingilishi, kai wa malamin gona ya fassara maka.

2. Zanen ja, ko rawaya, ko shuɗi, ko kore da ke ƙasan takarda yana nuna ƙarfin dafi na nan take ne. Ja ya fi haɗari. Amma kore ba ya nufin ka yi sakaci, don bai yi maganar shekara ashirin ba. A kan wasu magunguna za ka ga hoton ƙirjin mutum da wani abu kamar tauraro a tsakiya. Wannan alamar cuta ce mai zuwa daga baya, har da ciwon daji.

3. Kar ka dama magani da hannu tsirara. Rufe hanci da baki, sa riga mai dogon hannu, ka juya wa iska baya. In ka gama, yi wanka da sabulu, a wanke tufafin daban. Yara da mata masu ciki su yi nesa.

4. Gwangwani ko jarkar magani ba ta zama ta ruwa, ko ta mai, ko ta fura, kome wankin da aka yi mata. Huda ta yadda wani ba zai ɗauka ba, ka tambayi malamin gona inda za a kai ta.

5. Maganin feshi ba na ajiya ba ne. Wake kuwa, buhun nan mai ruɓi ukku, wanda aka fara yaɗawa a 2007, yana kashe ƙwari da rashin iska in an ɗaure shi da kyau, ba sai an sa kome ba.

6. Shanya gujiya da masara su bushe ƙaƙas, a kan tabarma ko tanti, kafin su shiga rumbu. Tsince masu hunhuna, da masu ɗaci, da waɗanda suka yamushe. Kar a yi ƙuli-ƙuli da su, kar a ba yara, kar a ba saniyar tatsa. Suya da dafuwa ba sa kashe wannan dafi duka.

7. A kai jarirai allurar rigakafi. Cikinta akwai ta ciwon hanta na B.

Da dare in an taru a dandali, karanta wa waɗanda ba su iya ba. Ku tambayi juna: magani nawa ke cikin garin nan wanda ba wanda ya san sunansa? Abin da kuka gano, ku sanar da malamin gona.

Allah shi ba mu lafiya, shi ba mu damana mai albarka.